Abin da Kubura Ta Ce wa Majo

Shekarar da soja suka sake karɓar mulki a Yamai, sanyi ya ja jiki, zafi bai gama zama ba, sai wata mura ta shigo ƙasar Kurfai. Rediyo ta ce sunanta murar alade. Kubura mai daddawa ta ce a gaya wa mai rediyon ya zo Dogon Marke ya nuna mata alade ɗaya tak, ita da ta haura sittin ba ta taɓa sa shi a ido ba. Mata suka yi ta dariya a bakin rijiya. Kwana goma bayan nan ba mai dariya, don murar ta bi gida-gida tana kwantar da mutane, har ta ɗauki tsofaffi biyu da jinjiri ɗaya.

Kubura mace ce mai baki, kowa ya shaida. Mijinta ya daɗe da rasuwa, da daddawar batso ta riƙe gida, kowace Lahadi tana kasuwar Baleyara da ƙwaryarta. Haihuwa tara ta yi, huɗu suka tsaya. Autarta Haske tana aure nan cikin gari, darni uku tsakaninsu, gidan Malam Baƙo, uban mijinta. Mijin, Kailu, ya tafi cirani Kwatano tun da aka gama ɗaurin gero.

Haske na da ciki wata huɗu, kuma ba wanda ya taɓa faɗa. Kubura ta gane tun ranar da yarinyar ta shigo ta tarar ana kirɓa batso, ta juya da gudu bayan darni tana amai, ita da a cikin warin nan ta girma. Uwa ta dubi ɗiya, ɗiya ta dubi ƙasa, magana ta ƙare nan. A Kurfai ba a kiran ciki da suna sai ya fito ya kira kansa. Baki na cin sa. Balle cikin fari, wanda ko ya kai haɓa mai shi ba ta yarda ta san da zamansa.

Ran Talata mura ta kama Haske. Ran Laraba jikinta ya yi zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu, tari kuma yana fitowa daga can ƙasa. Malam Baƙo da kansa ya ɗaura jaki a amalanke, aka shimfiɗa mata tabarma, Kubura ta zauna ta tallabe kanta, suka nufi likita, ɗakin shan maganin da ke bakin gari.

Likitar ɗaki ɗaya ce da rumfa. Majo Tahiru, ma'aikacin da ke riƙe da ita shi kaɗai, ya ga jama'a sun yi yawa, sai ya fito da teburinsa bakin ƙofa. Ya ɗaure hanci da farin ƙyalle, idanunsa sun yi ja. Layi ya miƙe har gindin marke, maza da mata a cakuɗe, kowa na jin ciwon kowa. Da aka zo kansu Kubura ta zaunar da Haske a benci. Malam Baƙo ya tsaya taku biyu a bayansu, riƙe da ɗan littafin likita na surukarsa.

Majo ya sa mata ƙarfen awon zafi a hammata, ya ɗora kunne a bayanta, ya karɓi littafin. Bai ɗaga kai ba ya ce, da muryar da har na ƙarshen layi zai ji, "Tana da ciki?"

Haske ta jawo mayafi ta rufe fuska. Kubura ta ji tsohon nan a bayanta ya yi gyaran murya. Ta ga matan layi sun daina hira.

Ba kunya kaɗai ta riƙe ta ba. Tana sane da abin da ya same ta shekara talatin baya, tana ɗauke da cikin yayan Haske, haƙori ya hana ta ci ya hana ta sha, ta taka har Filinge, wani majo ya mayar da magani cikin akwati ya ce mai ciki ba ta shan wannan, ta je ta yi haƙuri. Kuma wace mace ce ba ta san kafso na zubar da ciki ba? In ta ce akwai, za a sallame su da ruwan tari. In ta ce babu, za a ba yarinyar magani mai ƙarfi. Cikin ya tafi in zai tafi, wani na zuwa. Ɗiya ce ba ta dawowa.

"Babu," in ji Kubura.

Majo ya ja layi a babban littafinsa. Ya ƙirgo farar ƙwaya ta ciwon kai a takarda, ya haɗa da kwalbar ruwan tari. "Ta sha ruwa da yawa. In ya ƙaru ku komo."

Suna kama Haske za ta tashi, sai ga Jummai matar Albarka dillalin shanu ta zauna a bencin, cikinta wata takwas ya yi gaba kamar tulu. Ita ma tarin take. Majo ya dube ta sau ɗaya ya miƙe, ya shiga ɗaki, aka ji ƙarar makulli a akwatin ƙarfe. Ya fito da ɗan kwali, ya zaro kafso goma, rabi rawaya rabi ruwan toka. "Ɗaya da safe, ɗaya da marece, kwana biyar. Ki sha na farko yanzu ina kallo."

Kubura ta saki hannun ɗiyarta ta dawo. "Majo, ita wagga tawa hwa?"

"Wannan ba na kowa ba ne, Inna. Kaɗan aka aiko." Ya ɗaga hannu. "Na gaba."

Ba na kowa ba ne. Da wannan maganar Kubura ta hau amalanke.

Kwana huɗu Haske ta yi tana shan farar ƙwaya. Ran Lahadi leɓenta ya yi baƙi, numfashi ya koma kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Aka tare motar da ta fito kasuwa, aka kai ta babbar likita a Filinge. Ba su gama kwantar da ita ba jini ya ɓalle. Likitar da ta karɓe su mace ce, Habsa sunanta, ta kori kowa ban da uwar. Abin da ya fito bai cika tafin hannu biyu ba. Kubura ta kwance ɗankwalinta ta naɗe shi, ita da wata tsohuwa mai shara suka rufe shi bayan katanga. Ba ta gaya wa Malam Baƙo ba, yana can waje gindin bishiya da carbinsa. Aka sa wa Haske roba a hanci, aka yi allurai, aka ɗura mata magani. Washegari da hantsi ta cika.

Ana cikin zaman makoki Jummai ta warke. Kafin sadakar arba'in ta haifi namiji, ƙato, ba abin da ya same shi. Ranar suna Albarka ya yanka rago biyu, ana jin guɗa har tsakar gidan Kubura. An aiko mata da nama, ta ce a mayar.

Ta fara da maigari. Ya saurare ta har ta gama, ya ce kwana ne ya ƙare, ta yi haƙuri. Ta je wurin liman, ya jawo mata aya. Ta ce, "Malam, na san Allah ka kashewa, ban musa ba. Amma makullin akwatin ga, a aljihun Tahiru na gane shi." Liman ya ce ta yi istigfari. Ta yi, ta tashi. A bakin rijiya, a kasuwa, a cikin mota, duk wanda ya yi mata gaisuwa sai ta gaya masa majo ne ya kashe mata ɗiya, ya ba matar mai shanu magani ya hana ta talaka. Har mutane suka fara sauya hanya in sun hango ta.

Wata mai sayar da albasa a Baleyara ce ta ce mata sabon kumandan da ke mulkin Filinge soja ne, ba ya wasa, ko wata bai yi ba ya rufe wani ma'aikaci a kan hatsin taimako. Ran Litinin Kubura ta ɗaure ƙullin gari a bakin zane ta shiga mota. Gardin da ke tsaron ƙofa ya ce ba a ganin kumandan sai da takarda. Ta ce ita ba ta yi lakwal ba balle ta iya rubutu, takardarta bakinta ne. Ta shimfiɗa zane gindin dogon yaron da ke kallon ƙofar ofishin, ta zauna. Da yamma ta je gidan wata 'yar garinsu, da safe ta dawo. Rana ta uku motar kumandan ta tsaya a gabanta, aka sauke gilashi. Aka ce ta komo ran Alhamis ta sama, za a kira majo.

Ran Alhamis ɗin su huɗu ne a ɗakin. Kumandan a bayan tebur, hularsa a gefe. Likita Habsa a kujera, da takardu a cinya. Majo Tahiru a tsaye, ya rungume babban littafinsa, ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Aka ba Kubura kujera, ta ce ta fi son ƙasa.

Kumandan Bazabarme ne, Hausarsa ba ta raba mace da namiji. "Tsoho, kai ne ka kawo ƙara. Faɗi."

"Ke aka ce mini, ranka ya daɗe. Haihuwa tara na yi kahin in samu wannan ke ɗin."

Bakinsa ya ɗan motsa. "To, ke. Faɗi."

Ta faɗa tun daga amalanke har robar hanci, ba ta yi kuka ba. "Ga idona yab buɗe akwati yab ba matar Albarka, ita da ciki har wuya, wadda ko inuwar kafso ba ta kamata ta taka ba. Don mijinta na da shanu. Tawa yab ba ta ƙwayar ciwon kai. Da nit tambaya yac ce ba na kowa ba ne. Ina son ya hwaɗi gabanka, mu su wa ne, da ba mu cikin kowa."

Kumandan ya juya wajen likita. Habsa ta aje takardun ta matso da kujerarta, ta yi ƙasa da murya.

"Inna, ba don shanu aka ba Jummai ba. Don cikin aka ba ta. Kwali goma sha biyu aka aika likitarku, da takarda a kai, masu ciki ne na farko. Wannan murar ta fi kashe mai ciki a kan kowa, don ƙirjinta ba shi da sarari, jikinta kuma aikin mutum biyu yake yi."

Kubura ta dube ta. "Kafso? Ga mai ciki?"

"Akwai waɗanda ba a ba mai ciki, gaskiyarki. Wannan ba ya cikinsu. Mata da yawa sun sha shi, an bi su har suka haihu, iyakar abin da aka gani bai taɓa ɗa ba. Zazzaɓin ne ke zubar da ciki. Na ɗiyarki ya zube kafin in sa mata komai a baki, kina tsaye."

Habsa ta juya wajen kumandan.

"Abin da ya dame ni ke nan, mon kumandan," in ji Habsa. "Yarinyar na da ciki wata huɗu, da idona na gani. An kawo ta likita rana ta biyu, lokacin da maganin ya fi aiki. Littafin majo kuma ya ce babu ciki."

Kumandan ya miƙa hannu, majo ya buɗe masa shafin. Ya bi layin da yatsa. "Ka tambaya?"

"Na tambaya, mon kumandan."

"Ka tambaya, yarinya da ciki, aka ce maka babu."

"Haka aka ce."

"Wa ya ce?"

Majo ya dubi inda Kubura take zaune, ya kawar da kai. "Mutum sama da ɗari na gani ranar. Ban riƙe ba."

"Ba ka riƙe ba." Kumandan ya rufe littafin da tafin hannu. "Ni abin da na gani, ba ka tambaya ba, ka ja layi don ka huta. An ba ka magani don mai ciki, mai ciki ta zo gabanka, ta mutu, maganin na cikin akwati." Ya ɗaga murya ya kira gardi. Aka ji takalmi a baranda.

Kubura ba ta buƙatar yin ƙarya. Shiru kaɗai za ta yi, ta samu abin da ta yi kwana uku gindin bishiya dominsa. Za a fita da shi, labari ya riga ta isa Dogon Marke, a ce ashe tsohuwar na da gaskiya. Ta dubi majo. Ba tausayinsa ta ji ba. Abin da ta ji shi ne kalmar nan guda ta dawo mata cikin kunne da muryarta ita kanta, kuma ta san in ta fita ƙofar nan da ita a rufe, ita da barci sun rabu har kabari.

"Ya tambaya," in ji ta.

Gardi ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ya tambaya. Ni nac ce babu. Yarinya ba ta buɗe baki ba, ni nac ce."

"Kin san tana da ciki?" in ji kumandan.

"Ni na haihe ta, in rasa sani?" Ta dafa ƙasa ta miƙe tsaye, gwiwoyinta suka yi ƙara. "Na ce babu don a ba ta mai ƙarhi. Haka anka koya muna, ku kunka koya muna, ku masu hwarar riga, mai ciki ba ta shan wanga, mai ciki ba ta shan wancan. Shekara talatin ina riƙe da karatun. Da kunka sake shi, wa kunka aiko ya gaya muna? Rediyo tana ta alade, alade, ko sau guda ban ji ta ce mai ciki ta rugo ba."

Ta juya kan majo.

"Kai kuma kada ka sake numfashi tukuna. Ɗan wa kake? A garinku haka aka tambayar mace ciki, a bakin ƙohwa, gaban maza, uban mijinta na tsaye a bayanta? Cikin hwari? Ko uwarka ce zaune a bencin nan mi za ta ce? Ka gan ta ta ruhe huska, ba ka ce a shigo da ita ɗaki ba. Da nid dawo nit tambaye ka, kalma huɗu ta ishe ka. Na masu ciki ne. Da ka hwaɗi haka, wallahi da na tsaya tsakiyar layin nan na yi shela, kunya ta ci kanta. Sai kac ce ba na kowa ba ne. Sai kac ce na gaba."

Majo bai ɗaga kai ba. "Haka ne, Inna."

"Ni ba innarka ba ce."

Kumandan ya daɗe yana juya alƙalami. Daga baya ya yi wa gardi alama ya koma. Ya ce majo zai koma bakin aikinsa, amma daga gobe tebur ya koma cikin ɗaki, a kafa zana a rumfa, kuma ungozomar gari ce za ta riƙa yi wa mata wannan tambayar, mace da mace. Ya ce likita ta rubuta, a aika wa sauran likitocin ƙasar. Sannan ya dubi Kubura. "Ya yi miki?"

"Zana za ta maido mini ɗiya?"

Ta juya ta nufi ƙofa. Ba ta jira amsa ba.

A baranda Habsa ta cim mata. Kubura ta tsaya tana gyara ɗaurin zane, ba ta dube ta ba. "Ke likita, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Da ta sha ranar nan, da tana nan?"

"Ba zan iya rantse miki ba. Akwai waɗanda suka sha suka tafi. Amma waɗanda suka sha da wuri sun fi tashi." Ta dubi Kubura. "Da na so ta sha."

Kubura ta gyaɗa kai. Majo ya fito yana neman ya matso, ta ɗaga masa hannu, ya tsaya inda yake.

La'asar sakaliya mota ta sauke ta a Dogon Marke. Ba ta bi ta gidanta ba. Ta tarar da Malam Baƙo a ƙofar gida yana tufka igiyar kaba, ya danne bakinta da babban yatsan ƙafa. Suka gaisa. Ta zauna a ƙasa nesa da tabarmarsa, yadda surukai ke yi.

"An ruhe majon?" ya tambaya.

"Ba a ruhe shi ba. Malam, akwai maganar da ya kamata ka ji daga bakina kahin ka ji ta a kasuwa. Kuma kai za ka gaya ma Kailu, ni ba ni iyawa." Ta kafa ido a kan igiyar. "Yarinyar ga da ciki tat tahi. Wata huɗu. Maganin da anka ba Jummai na masu ciki ne. Da majo yat tambaya, ni nac ce babu."

Hannun tsohon ya tsaya. Wata akuya ta zo ta shinshina kabar ta wuce.

"Na ji lokacin da yat tambaya," in ji shi. "Na ji kuma abin da kinka ce."

"Ba ka san ƙarya ba ce."

"Na sani, Kubura. Tun cikin sanyi matata tag gaya mini a daina aiken ta rijiya mai nisa. Ban tambayi dalili ba, ita ma ba ta hwaɗi ba." Ya saki igiyar, ta warware kaɗan a kan ƙafarsa. "Da kinka ce babu, har cikin raina na gode miki. Na ce wagga tsohuwa ta san ya kamata, ta hid da ni kunya gaban jama'a."

Kubura ta buɗe baki, abin da ba ta taɓa rasawa ba ta rasa shi. Daga cikin gida aka fara daka, taɓarya ɗaya, a turmin da a da biyu ke sauka. Malam Baƙo ya sunkuya ya ɗauki bakin igiyar, ya riƙe shi a hannu, bai ci gaba da tufkar ba.